Gilashin Hagu na Ɗakin Awo

Har gobe ba na mantawa da wata Talata a daminar bara, ina aikin shara a wani asibitin kuɗi a Gaya. Ku sababbin ma'aikata, ku sani mai shara ce ƙasa da kowa. Sama da ni ungozoma, sama da ita likita mai asibitin.

Likita ya sa an cire labulen tagar ɗakin awon ciki, aka kafa gilashi biyu na zamani. In an kunna musu wuta su yi garau, in an kashe su yi fari kamar nono, ba a ganin ciki.

Ranar ina goge na hagu ta waje, 'yata Ummi a bayana da zazzaɓi, rabin hankalina na kanta. Ɗago kan da zan yi sai na hango mace kwance a gado, an yaye mata riga. A kashe gilashin yake fa! Ga maza a benci suna jiran matansu. Wani ya sunkuyar da kai, wani bai sunkuyar ba. Na fizgo zanin gado daga kwandon wanki na rataya a kan gilashin.

Likita ya fito. "Ke Hadiza, wa ya ce ki shanya mana tsumma a nan?"

"Ranka ya daɗe, zo ka tsaya inda nake."

Ya tsaya, na ɗaga gefen zanin. Ya ciro waya ya kira wanda ya haɗa gilashin a Kano.

Washegari mutumin ya zo, har da dariyarsa. Wai wani ruwa ne haɗe da gam a tsakiyar gilashin. Na dama da fitila mai shuɗin haske ya busar da shi nan take, ruwan ya rarrabu mitsi-mitsi, shi ya sa yake rufewa ruf. Kafin ya zo kan na hagu fitilar ta lalace, sai ya busar da shi da zafi a hankali, ɗigon ruwan ya yi manya-manya, shi ya sa ake hango ciki ko an kashe. "Ai ɗan bambanci ne, Hajiya."

Na ce, "Malam, da matarka ce a gadon, ɗan bambanci ne?"

Ungozoma ta taka min ƙafa.

An sake gilashin. Amma matar da na hango a gadon 'yar ƙauyen Gafasa ce, cikin fari, ƙafafunta a kumbure, mijinta kuma yana kan bencin. Bai ƙara kawo ta awo ba. Har yau ban san yadda ta haihu ba.

Abin da aikin nan ya koya min, masu kafa kaya daga cikin ɗaki suke gwadawa su tafi. Ku kuwa, kafin a kwantar da 'yar mutane, ku fita ku zauna a bencin maza ku duba da idonku.