Motar da Jibo Mai Yashi Ya Zaɓar wa Inna

Ranar sadakar bakwai ɗin yayana Jibo, wani mai sayen tsoffin ƙarafa ya zo ƙofar gidansa a Talata Mafara yana zagaya mushen motar nan da ke jikin katanga, yana ƙwanƙwasa ta da yatsa. Na aika aka ce masa ya kama gabansa tun ban fito da kaina ba. Mutum ko ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba, ka zo taya masa mota! Jikokinsa suka yi ta dariya, wai Gwaggo Lantana na faɗa kan ƙarfen da awaki ke kwana a ciki. Ban ga laifinsu ba, tun da babu wanda ya taɓa zaunar da su ya gaya musu yadda aka yi motar ta zo gidan.

An haife mu a Tungar Gambo, bakin gulbi, cikin ƙasar Maradun. Kada ka wahalar da kanka neman ta, tana ƙarƙashin ruwan Bakolori. Jibo ne ɗan fari, ni ce auta, huɗun da ke tsakaninmu duk sun koma tun suna ƙanana. Mahaifiyarmu, Inna Kubura, irin matan zamanin da ce masu riƙon kunyar ɗan fari kamar farilla. Tun da aka yaye shi aka kai shi ɗakin kakarmu. Inna ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa yi masa magana baki da baki ba. In ya zo gaisuwa ya durƙusa a bakin ƙofa, sai ta juya fuska ga bango, ni ce mai amsawa. In akwai saƙo, sai ta ce, "Lantana, ki ce wa wancan." Amma in yana zazzaɓi ita ke dama kunun, ta ba ni in kai, ta ja mini kunne kada in ce daga wurinta ya fito.

Shi kuwa bawan Allah, duk rayuwarsa kalma ɗaya yake nema daga bakinta. Da jakuna uku ya fara, yana ɗibar yashi a gulbi yana kai wa magina a Mafara da Bakura. Da aka fara aikin madatsa, Turawan kamfani suka zo da yunwar yashi da tsakuwa wadda ba ta ƙarewa. Daga jakuna ya koma hayar tifa, daga haya ya mallaki biyu nasa na kansa. Duk abin da ya saya, keke ne, rediyo ne, agogo ne, sai ya fara kawo shi ƙofar Inna ya ajiye. Ita kuma ta dubi bango ta ce, "Ki ce Allah shi sa albarka." Ya tashi yana murna kamar an ba shi sarauta.

Sai ga shekarar da aka ce kowa ya tashi, za a rufe bakin madatsa. Cikin bazara ne. Inna na kwance, sanyin ƙashi ya riƙe mata ƙafafu da baya, ga zazzaɓi. A kan gadonta na kara aka ɗaga ta aka sa a babbar mota, ba ta ma san inda take ba. Ba ta yi ban kwana da ɗakin da ta yi shekara arba'in da biyar a ciki ba. Ba ta ko waiwayi gefen maƙabartar da Baba da 'ya'yanta huɗu suke ba. Dutsen niƙanta, wanda ta gada daga uwarta, aka bar shi gindin tsamiyar gidanmu saboda mota ta cika.

Da ta sami sauƙi a sabon garin da aka zuba mu kan tudu, ta kwana biyu tana kallon rufin ɗaki. Rana ta uku ta ce, "Lantana, ki ce wa wancan ina son in koma Tunga in ga ɗakina, in ɗauko dutsena, tun ruwa bai ci wurin ba."

Na je na isar wa Jibo da saƙon. Shekararsa arba'in da ɗaya a duniya, ran nan ne uwarsa ta fara roƙon sa wani abu. Na ce ga tifa, a shimfiɗa mata katifa a gaba, gobe a je a dawo. Ya dube ni kamar na zage shi. Ya ce uwarsa ba yashi ba ce. Na ce to a yi aron motar wani. Ya ce ba za ta fara shiga ƙaramar mota ba sai a tasa.

Washegari ya tafi Gusau wurin wani dillalin motoci, Alhaji Bube. Ya dawo da yamma da wata takarda mai sheƙi cike da hotuna, ya shimfiɗa ta a tabarmar ƙofar Inna, ya ɗaga murya yadda za ta ji daga ciki, wai ni yake yi wa bayani.

Doguwar mota ce irin ta manyan ma'aikata, jiki ɗaya, inji ɗaya, amma kashi uku. Ta farko kujerunta na leda ne, babu rediyo, babu wani ado. Ta biyu kujerun yadi, da rediyo da agogo. Ta uku ita ce uwar ɗakinsu: kujeru masu laushi da mutum ke nutsewa a ciki, da wurin ɗora hannu a tsakiyar kujerar baya, da darduma a ƙasa, da iyakwandishan mai busa sanyi ko rana na tsaga kai. Ta farko da ta biyu suna nan tsaye a harabar Alhaji Bube, ko gobe a ɗauka. Ta uku sai an aika an kawo, in ji shi mako uku.

"Ki tambaye ta wacce take so," in ji Jibo.

Na shiga da takardar. Inna ko kallon ta ba ta yi ba. Ta ce, "Ni mi na sani ga mota? Ki ce wadda ta samu."

Na fito na faɗa masa yadda ta faɗa, ban ƙara ba, ban rage ba. Ya yi murmushi ya ce, "Kin ji ta ko? Haka take. In an kawo mata zane uku sai ta ɗauki mafi muni don kada a ce ta nuna so ga abin hannuna. Kunya ce, Lantana. Mai ciwon baya a kujerar leda? Cikin wanga zafi?"

Na ce, "Yaya, da babu gara ba daɗi. Ka ɗauko ta biyun mana, ai ita ma mota ce."

Ya ce, "Sau ɗaya ta roƙe ni. Ba zan kai ta a ta biyu ba."

Abin haushin shi ne bai yi ƙarya ba. Haka Inna take da duk abin da ya fito daga hannunsa, kullum ƙasa-ƙasa take nema. Shi ya sa ran da ta faɗi ainihin abin da ke ranta, ya ɗauka kunyar ce dai ta kullum. Ni da nake kwana ɗaki ɗaya da ita na san wannan karon ba kunya ba ce, sauri take yi. Amma ƙanwa ce ni, na faɗa sau ɗaya na ja bakina.

Mako uku ya wuce. Alhaji Bube ya ce mako mai zuwa. Muka shiga zaman jiran gawon shanu. Aka yi ruwan shuka, aka yi na biyu. Masu zuwa Tunga kwasar itacen rufi suka fara dawowa da labari: ruwa ya ci fadama, ruwa ya ci gonar albasar Baba. Duk wanda ya shigo gaisuwa, Inna sai ta tambaye shi inda ruwa ya kai. Wata rana ta ce, "Ki tambayi wancan, ya ga inda ruwa ya kai?" Na je na tambaye shi. Ya ce ai gidanmu kan tudu yake, shi da ya zuba yashin madatsar nan da hannunsa ya fi kowa sanin ruwan, ba zai kai can ba sai kaka.

Na ce to ko dutsen a aika tifa ta ɗauko. Ya ce a'a, a bar shi inda yake, yana son ta ga an ɗaga shi a gabanta an sa a but ɗin motarsa. Ka ji fa! Na yi ta masifa a hanya ni kaɗai, amma da na dawo gida sai na ce wa Inna ya ce an kusa. Wannan "an kusa" ɗin na faɗe shi ya fi sau goma, kuma har gobe ina jin nauyinsa. Da na tsaya tsakar gida na kwarma ihu na tara musu jama'a, shi da Inna, da ɗayansu ya ji kunya ya sauko. Daga baya Inna ta daina tambaya, ta koma jan carbi kawai.

Sai da aka yi wata biyu da kwana goma motar ta iso, damina ta yi tsakiya. Fara ce fat, doguwa, ledar kujerunta ko cirewa ba a yi ba. Gari ya fito kallo. Jibo ya sa babbar riga, ya shigo da motar har bakin zaure. Ni da matarsa muka tallabo Inna muka zaunar da ita a baya, muka ɗora hannunta a wurin ɗora hannun. Na zauna kusa da ita. Ya rufe gilasai, ya kunna sanyin nan har ƙarshe, yana satar kallon ta a madubi.

Ba mu yi nisa ba na ji tana rawar ɗari. Mai sanyin ƙashi fa, an sa ta cikin sanyi! Ta ja mayafi ta rufe gwiwoyinta, ta cije leɓe. Na buɗe baki zan yi magana, ta matse mini hannu. Ba ta son a ɓata masa.

Muka bar titi muka bi tsohuwar hanyar Tunga. Bayan kukar da muke hutawa in mun dawo kasuwa, hanyar ta gangara kaɗan, sai kawai ta shige cikin ruwa. Jibo ya taka birki. Gabanmu ruwa ne ja, shimfiɗe har inda ido ya tsaya. Can da nisa ga kan wata bishiya ya ɗan fito, farin balbela sun sauka a kai. Ba sai an gaya wa kowa ba, tsamiyar gidanmu ce.

Injin na aiki, sanyin na busawa. Jibo ya riƙe sitiyari da hannu biyu, na ga bayan wuyansa ya jiƙe da gumi. Inna ta daɗe tana kallon tsamiyar, leɓunanta na motsi, na ji tana kiran sunayen 'ya'yanta huɗu ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta ɗago kai ta dubi madubin, ido cikin ido da shi.

Ta ce, "Jibo."

Ya zabura kamar an zuba masa garwashi.

Ta ce, "Kashe sanyin ga, ɗana. Ƙasusuwana ciwo suke. Mu koma."

Ya kashe. Ya juya motar a hankali. Har muka isa gida yana kuka ba sauti, yana share fuska da hannun babbar riga.

Inna ta ƙara shekara biyu a duniya. Ba ta sake shiga motar ba, ba ta sake kiran sunansa ba, ba ta kuma taɓa zancen Tunga ba. Shi kuwa da aikin madatsa ya ƙare, yashi ya daina tafiya, tifofin suka tafi ɗaya bayan ɗaya, ya koma Mafara yana sayar da bulo. Motar dai ya ƙi rabuwa da ita. Ya kai amare da ita, ya kai marasa lafiya asibiti, duk wanda ya ƙwanƙwasa masa ƙofa ba ya cewa gobe. Amma ko zafin bazara zai kashe mutum, gilashi a buɗe ake tafiya, ba mai taɓa maɓallin sanyin nan. Mutane suka ɗauka rowar mai ce, har suna yi masa ba'a da shi.

Ana saura kwana uku ya rasu na je duba shi. Ya rame, muryarsa ta dushe. Don in faranta masa rai na ce, "Yaya, kai dai ka gode Allah. Ɗan fari nawa ne suka mutu ba su ji sunansu a bakin uwa ba? Kai ka ji naka."

Ya daɗe yana kallon ƙofa, inda ake hango mushen motar. Sannan ya ce, "Na ji, Lantana. Da ma na ɗauko ta leda ɗin nan, ta mutu tana ce mini wancan."