Ruwan da Ya Zo Fari

Na ga manyan madatsun ruwa a yawona. A Gana wani mai kwale-kwale ya nuna min wurin da garinsu yake kwance a ƙarƙashin tafki, rassan matattun itatuwa suna leƙowa. A Mali na ga ma'aikata suna gasa kifi a bakin irin wannan tafki ranar hutu. Ban taɓa zaton abin zai biyo ni har fadamar yayana a ƙasar Kebbe ba.

Shekarar da na dawo Tambuwal da zama, na ji a rediyo za a buɗe ƙofofin madatsar da ke can sama da mu. Zama ya gagare ni. Na ɗauki rediyona, na hau kabu-kabu sai ƙauye. Shinkafar Yaya saura kwana goma ta nuna.

Na ce, "Yaya, a yanke ta yau."

"Ɗanya? Alhaji, Turanci ya taɓa ma kai ko Faransanci?"

Ya ja ni bakin gulbi. Tun zamanin mahaifinmu da ƙwarya ake duba ambaliya: in ruwa ya yi ja da laka, an yi ruwan sama a gabas, sai a shirya. Ya ɗiba ya miƙo min.

"Fari tas. Mi ka gani ciki?"

Na ce masa ruwan madatsa ya daɗe a kwance, lakarsa ta zauna, ba ya yin ja. Ya yi dariya har da tari. Daga baya ya yarda a yanke ɓangaren kwari kawai, wai don kada in koma gari ina ƙorafi. Na karɓi lauje, hannun da ya saba da biro ya yi ta tsagewa. Ko'ina nake a gonar, idona na kan gulbi. Shi kuwa kullum da safe sai ya ɗibi ruwa ya nuna min.

Rana ta huɗu da hantsi, babu ko gajimare, ruwa ya shigo fadama, fari kamar na randa. Kafin azahar ya shanye sauran shinkafar. Wadda muka yanke rabinta ƙaiƙayi ce, amma ita ta riƙe gidan har girbin dawa.

A ranar, Yaya ya tsaya a ruwa har gwiwa, ya sake ɗiba da ƙwaryarsa, ya daɗe yana kallo.

"Ko lakar da za ta gyara muna gona bai kawo ba," in ji shi. Ya zubar. "Alhaji, in za ka koma, bar min rediyon nan."