Gida Mai Taya da Alkunyar 'Yar Fari

Ana sallame sallar asuba muka bar gida a unguwar Abbasiya ta Alƙahira, ni da mai ɗakina da yarinyar, muka taka da jakunkunanmu zuwa babban titi, domin motar da Yayana ya ɗauko haya ba ta iya shiga lungunmu. Tun daga nesa muka hango ta, fara ƙal, ta tsaya kusa da mai keken wake har ta tare masa rabin masu saye. Masarawa suna kiran irinta karafan. Yaya kuwa tun ranar farko ya raɗa mata suna gida mai taya, kuma da shi muka riƙa kiranta.

Yayan nan nawa uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, kayan gini yake sayarwa a Kano, kuma Allah ya buɗa masa. Ya zo Alƙahira ne da matarsa ganin likita, don aurensu ya daɗe ba su sami haihuwa ba. Da likita ya ce su jira sakamakon gwaji, sai Yaya ya ce shi ba zai zauna a otal yana ƙirga fankar silin ba, gara a ga ƙasa. Ni na raka shi ofishin wani kamfanin hayar motoci a unguwar Mohandessin na yi masa tafinta. Da aka faɗi kuɗin kwana ɗaya sai da na sa mutumin ya maimaita, don ya zarce abin da nake ba mai gidanmu a wata. Yaya ko ragi bai nema ba. Ni da na yi shekaru ina karatu a ƙasar nan, ban san Masar ba sai ta tagar bas da ramin jirgin ƙarƙashin ƙasa, ga wanda bai iya ko gaisuwar Larabci ba zai zagaya da ni. A nan ƙyashi ya fara cina, kuma ba zan ɓoye muku ba, bai sake ni ba har muka dawo.

Cikin motar ya ƙara mini ciwo. Akwai gado a baya, akwai wani a saman direba, ga tebur da ake naɗewa ya koma gado na uku. Ga ɗan kicin da murhun gas da firji, ga banɗaki har da shawa. A gidanmu na saman bene ruwa ba ya hawowa sai ya ga dama, amma a nan mota tana gudu famfo yana zuba. Mai ɗakina ta riƙa buɗe durowoyi tana rufewa tana cewa masha Allah, ni kuma na sami kujera kusa da taga na ce ai ƙarfen nasara ne kawai, da an kwana biyu za a gaji da shi.

Yarinyar kuwa 'yar farinmu ce, shekararta shida, a nan aka haife ta, Larabcin Masar ya fi Hausa zama a bakinta. A Alƙahira babu mai sa mini ido, don haka tun tana jaririya na ajiye alkunya a gefe. Ina ɗora ta a wuya mu je sayen burodi, ina kiran sunanta daga kan bene, tare muke cin abinci a kwano ɗaya. Amma ranar da Yaya ya sauka, sai tarbiyyar gida ta dawo mini ba tare da na kira ta ba. Ba na iya kiran sunanta a gabansa, sai dai in ce “ke”. In ta zo za ta hau cinyata sai in ce ta je wurin Babanta, ina nuna Yaya. Ban taɓa zama na bayyana mata dalili ba, na ɗauka abu ne da jini yake sanar da mutum.

Kamfanin ya haɗa mu da direba, wani Bamasare mai ƙiba da son hira, muna ce masa Usta. Ya bi da mu ta Giza, muka ga dalar Fir'auna ta gefen hanya rana tana fitowa, sannan muka miƙi hanyar Fayyum cikin hamada. Titin yana da kyau, sai dai direbobin ƙasar nan ba su yarda da layin da aka zana ba. A shingen 'yan sanda aka karɓi fasfo ɗinmu, wani jami'i ya leƙo ciki ya ga firji da labule, sai ya sara wa Yaya ya ce masa “ya basha”, kiran da suke yi wa manyan mutane. Ni da na yi duk bayanin, “ya shekh” na samu. Yaya ya tambaye ni ma'anar basha, na ce masa haka suke ce wa kowa.

Fayyum kore ce shar bayan duk wannan rairayi, ga dabino ga gonaki ga jakuna da lodin ciyawa. Mun karya da wani burodinsu mai leye-leye da man shanu, ana dangwala shi a zuma ko cuku mai gishiri, kuma kuɗinsa bai kai na birni ba. Da rana muka tsaya bakin tafkin da suke kira da sunan Ƙaruna. Na gyara murya na ba su labarin yadda ƙasa ta haɗiye shi da dukiyarsa, na ja shi da tsawo, na kawo aya na kawo tafsiri. Yaya ya saurara har ƙarshe, sannan ya yi dariya ya ce, “Malam, in da ni kake, ka bari in gama shayina tukuna.” Kowa ya dara, ni ma na yi tawa ta dole.

Zama a gida mai taya yana da nasa darasin. Tankin ruwan an yi shi ne don mutanen da ba sa alwala, mu kuwa kafin la'asar mun ga bayansa, sai da Usta ya nemo tiyo a gidan mai. Matar Yaya ta taho da kuka da daddawa daga Kano, ta ɗora miya a ɗan kicin ɗin, ƙamshi ya cika mota. Usta ya buɗe tagogi duka yana salati, ya ce wani abu ya mutu a cikin injin. Da aka zuba masa tuwo ya ɗanɗana, sai ga shi yana neman ƙari.

Abin da ya fi motar ci mini rai shi ne yarinyar. Da ta ga na daina kula ta, sai ta koma wa Yaya gaba ɗaya. Shi ke ɗaukarta a wuya, shi ke kiran sunanta da ƙarfi a bainar jama'a, shi ya saya mata 'yar tukunya a ƙauyen masu ginin tukwane ya zauna a ƙasa suna kwaɓa yumɓu tare. Matar Yaya ta yi mata kitso, ta koya mata waƙoƙin gaɗa. Ni ina daga gefe riƙe da littafi ina satar kallonsu, ina ji kamar an karɓe mini wurin zama a masallacin unguwarmu. Sau ɗaya ta same ni ni kaɗai a bayan mota ina ɗaure igiyar shanya, ta ce, “Baba, inta za'lan minni?” wato ko fushi nake yi da ita. Na buɗe baki zan amsa sai na ji takun Yaya, na ce mata ta je ana kiranta.

Daga Fayyum muka koma ta gefen Alƙahira muka ɗauki hanyar Ain Sukhna, bakin Bahar Maliya. Hanya ce mai faɗi ta biyan kuɗi, duwatsu jajaye a dama da hagu, manyan motoci suna ta wucewa zuwa tashar jiragen ruwa. Usta ya samo mana wuri a bakin ruwa inda ake barin irin motarmu ta kwana. Mun ci gasasshen kifi da shinkafa mai launin ƙasa, mai kifin ya tsuga kuɗi da ya ga motar, ya rage da ya ji Larabcina. Wannan kaɗai ne wurin da na ji na yi wa tafiyar amfani.

Bayan la'asar muna zaune a darduma a inuwar mota, ni da Yaya, matan suna ciki ƙofa a buɗe, yarinyar tana tara ƙwanso kusa da mu. Yaya ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce, “Malam, Hausar yarinyar nan ta karye. Ka ba ni ita in tafi da ita Kano, ta yi makaranta a gabana, ta ɗebe wa antinta kewa.”

Na ce, “Haba Yaya, ai 'yarka ce. Sai yadda ka yi da ita.”

Kowane ƙane haka zai ce, kun sani. Amma kun kuma san maganar tana da wutsiya: a bari ta ƙara wayo, a bari ta sauke izu kaza, a bari mu gama karatu mu dawo tare. Da wannan wutsiyar ake ƙin bayarwa ba tare da an ce a'a ba. Ni na san ta sarai, na kuma ƙi ɗora ta. Tun da muka fito shi ke biya, shi ke saye, shi ake sara wa. Yau ga abu ɗaya da yake roƙo a hannuna, wanda kuɗinsa bai saya masa ba, sai na ji daɗin zama mai kyauta ko da na minti ɗaya ne. Daɗin bai kai minti ɗayan ba. Yaya ya kama hannuna da hannu biyu yana godiya. Matarsa ta sa gefen mayafi ta rufe fuska. Yarinyar ta ajiye ƙwansonta ta dube ni, don Hausar tata da aka ce ta karye ta isa ta gane “'yarka ce”, ba ta kuma san ana faɗin haka don ladabi ba.

Sai da na shiga ɗaukar buta mai ɗakina ta ce da ni a hankali, “Kai ka bayar, kai za ka karɓo. Ni ban haifa don a yi gwaninta da ita ba.”

Sauran zamanmu a bakin ruwa ban san me na gani ba. An ce akwai jiragen ruwa jere suna jiran shiga mashigin ruwa na Suwes, an ce ruwan garau yake har kana ganin ƙafarka. Ni dai ina jin Yaya yana waya Kano a gyara ɗaki, ina jin matarsa tana tambayar yarinyar irin kalar labulen da take so. Yarinyar ta daina zuwa inda nake ko da ba kowa. Yanzu ƙyashin nawa ya tashi daga kan mota da firji, ya koma kan mutumin da zai riƙa jin muryarta kowace safiya.

Mun kamo hanyar gida da hantsi, muka shigo cunkoson Alƙahira da azahar. Usta ya tsaya a babban titin Abbasiya, masu motoci suna ta yi mana ham a baya. Mai ɗakina ta sauka da jakarta ba ta waiwayo ba. Na sauke tawa. Yarinyar tana zaune a bakin gadon baya, ta rungume 'yar jakarta ta makaranta, ba ta motsa ba. Na ce, “Ke, sauko mana.” Ta ce, “Khalas, shi ke nan, ai ka ba da ni.”

Yaya yana tsaye a bakin ƙofa, matarsa tana zaune a tebur. Na hau motar na wuce ta gabansu, na kira sunan yarinyar a fili, na ɗauke ta na rungume, abin da ban taɓa yi a gaban wani babba na gidanmu ba. Na ce, “Yaya, ka yafe mini. Na yi maganar da ba zan iya cikawa ba.”

Usta ya leƙo ya ce yalla, wato mu yi sauri. Sannan Yaya ya ce, “Na sani, Malam. Tun a Fayyum nake ganin littafin nan naka ba ka juya shafi. Na dai ce bari in gwada, ko Allah zai sa.” Ya shafa kanta, ya ce Allah ya raya ta. Da muka sauka, matarsa ta miƙo 'yar tukunyar yumɓun ta taga ba ta dube ni ba, kuma har suka koma Kano gaisuwa kawai ke haɗa mu. Wannan ni na jawo, na sa mata rai a kan abin da ya fi komai yi mata ciwo.

Masu tambayata ko hayar irin wannan mota ta cancanci kuɗinta, in kuna da hali ku yi, ku dai tanadi ruwan alwala. Abin da ni na koyo daban ne. Na yi tafiyar nan ina ƙyashin mutumin da yake ƙyashina, kowannenmu yana kallon hannun ɗan'uwansa, kuma a garin nuna ni ma ina da abin bayarwa na kusa yin kyauta da abin da ba na kyauta ba. Na kuma gane alkunya sai a inda kowa ya san ma'anarta, yaron da aka haifa a wata ƙasa shiru kawai yake gani.

A wuya na hau da ita benen namu, jaka a hannu, ina haki. Mun kai tsakiya ta sunkuyo daidai kunnena ta ce, “Baba, yanzu ni 'yar wa ce?” Na ce mata 'yata ce. Ta ce in sake faɗa da Larabci, don ta tabbata.