Akwatin Kawu a Kan Kwano

Jiya na shiga wurin wani mai aski Ba'indiye a unguwar Sa'alaba, nan Jidda. Ya lulluɓe ni da farin ƙyalle, ya kunna kaset, sai ga muryar wata mace, siririya kamar zare. Na san waƙar tun kafin ta gama buɗe baki, amma sai na ji tana tafiya a miƙe, ba hawa ba sauka. Na ce masa kaset ɗinsa ya lalace. Ya rantse mini haka take tun ranar da aka yi ta. Shi ne mai gaskiya, kuma bari in gaya maka yadda aka yi kunnena ya karkace.

A unguwar Karantina na tashi, a gida mai ɗaki uku da rufin kwano, inda zafi kan sa kaza ta yi ƙwai dafaffe. Kawu, ƙanin mahaifiyata, kuku ne a jirgin ruwan da ke ɗauko shinkafa da ganyen shayi daga Bombay. Yakan yi wata huɗu ba mu gan shi ba. Ranar da zai dawo, ƙamshin man kwakwa ke riga shi shigowa unguwa da kwana biyu. Gashin nan ya sha mai, ƙuda in ya sauka a kai sai ya zame ya karye.

Kawu ba son Bombay yake yi ba, ciwonta yake yi. Da la'asar zai baje a tabarma ya ba mu labarin motoci masu bene, da ruwan sama da ke wata uku bai ɗauke ba, da gidan silima wanda ya fi tashar jirgin Jidda girma, inda mutum dubu ke kuka lokaci ɗaya su fito su sha shayi a tsaye. "A can, ya walad, yarona," in ji shi, "ko ɗan sanda zai kama ka sai ya taka rawa tukuna." Daga nan ya buɗe akwatinsa na ƙarfe ya zaro faifan garmaho, ya hure shi, ya goge da gefen rigarsa, ya ɗora allura. Kowace tafiya da sababbi yake dawowa. Ba ya jin yaren sosai, amma yana fassara mana kowane baiti da ƙarfin hali, kuma fassarar yau ba ta taɓa zama ta jiya ba.

Kaka, wadda ta haife su, ta taho da ƙafa ne daga ƙasar Hausa ta ratsa Sudan, shekara bakwai a hanya. Ita ba ta gane wannan tafiya tasa ba. Takan ce, "Kowa gabas yake yi don ya iso nan. Kai ka iso, ka wuce."

Da zai yi wata tafiya, sai ya rataya mini makullin akwatin a wuya. Ya ce, "Kai ne sarkin Bombay har in dawo."

Sai aikin hajji ya zo. A gidajenmu, in alhazan gida suka sauka ba a cewa babu wuri. Mukan kwashe mu koma tsakar gida, a bar musu ɗakuna. A shekarar nan har da wani babban malami daga garin su Kaka, kuma ɗakin Kawu aka ba shi. Kaka ta sa na buɗe akwatin, ta ga hotunan da ke jikin kwalayen: mata da cibiya a waje, maza da gashin baki suna leƙo su ta bayan itace. Ta yi salati har sau uku. Ta ce a ɓoye shi inda idon baƙo ba zai kai ba, kada a koma gida a ce ɗanta ya lalace a ƙasa mai tsarki.

Ƙarƙashin gado na baƙi ne yanzu. Madafa cike take da mata. Ni ne mai basirar da ya ce a ɗora shi saman kwano, tunda malami ba ya hawa rufi. Har shafa kaina Kaka ta yi. Akwatin ƙarfe, a kan kwano, a ranar Jidda. Alhazai suka tafi Makka, suka dawo, suka jira jirginsu. Kwana arba'in da wani abu, ba wanda ya tuna.

Kawu ya dawo ba ƙamshi. Hannunsa na dama a naɗe yake, igiyar jirgi ta cinye masa yatsu uku, an kuma sallame shi. Ba sauran Bombay sai wadda ke cikin akwati. Bayan an gama yi masa jaje ya dube ni ya ce, "Yalla, sarki, kawo mana garinmu."

Na hau na sauko da akwatin da tsumma a hannu, don ba ya taɓuwa. Ya buɗe da hagu. Fayafayan sun lanƙwashe kamar gurasa, wasu sun manne da juna sun zama ɗaya. Na tsaya ina jiran mari, har na zaɓi kuncin da zan miƙa. Bai zo ba. Ya ɗaga su ɗaya bayan ɗaya yana dubawa, kamar mai zaɓen tumatir a kasuwa. Kaka ta fara cewa, "Ai saboda Malam ne…" Ya ce, "Na sani, Inna." Ya sami guda ɗaya da allura za ta iya bi, ya ɗora. Matar ta fara waƙa tana hawa tana gangarowa, kamar tana cikin kwalekwale. Ya saurara har ƙarshe. Ya ce, "Khalas, shi ke nan." Ya tambaya ko akwai sauran shayi.

Ya sami aikin gadi a wani sito, ya daina shafa mai, bai sake ba mu labarin mota mai bene ba. Amma kullum da la'asar sai ya ɗora wannan faifai guda, ya zauna yana kallon bango, fuskar nan ba daɗi ba baƙin ciki. Shekara tara haka. Kaka da kanta ta koma tana goge masa faifan da gefen mayafinta, ba ta kuma sake cewa ya wuce ba. Ni kuwa ban taɓa ba shi haƙuri ba. Kullum ina jira ya yi fushi tukuna, har aka kai shi makwancinsa bai yi ba.

Yanzu Indiya ta zo Jidda da kanta. Suna aski, suna ɗinki, suna tuƙi, waƙoƙin nan kuma ko a shagon gyaran taya ka ji su. 'Ya'yana ba su san mene ne garmaho ba, Hausar ma da Larabci suke amsa mini.

Mai askin ya tambaya ko ya mayar mini da waƙar daga farko. Na laluba cikina ko zan ji wani abu, ban samu ba. Na ce ya bar ta, ya dai kula da kunnena. Makullin akwatin yana cikin aljihuna tare da na mota.