Duron Ruwa a Bayan A-kori-kura

Shekarun baya, lokacin da aka tare kogin Kwara a Kainji, an kwashe mu daga ƙauyenmu na bakin kogi zuwa sababbin gidaje can kan tudu. Mahaifiyata ba ta yi gardama ba. Abu ɗaya ta roƙa, a kai ta kabarin mahaifina ta yi masa addu'a kafin ruwa ya rufe shi. Ciwon ƙugu kuwa ya hana ta hawa ko jaki.

Abokina na Yelwa yana da a-kori-kura da injinta ya mutu. Ya samo injin wata babbar mota da masu aikin dam suka yar, muka ɗora. Inji ya tashi, amma lagireton motar ya yi masa kaɗan, ko kasuwa ba mu kai ba ya tafasa. Sai muka ɗaure duro a baya, mai walda ya nannaɗe mana siririn bututun jan ƙarfe, muka haɗa da tiyo. Ni ne mai riƙo, ina ta gyaɗa kai kamar na gane.

Da Inna ta gani sai ta ce, "Yaran nan, a tukunyar kunu za ku ɗauke ni?"

Abokina ya ce, "Ki hau dai Inna, yau ke ce matar Razdan."

Ruwan kogi muka cika duron da shi. Lokacin farin ruwa ne, duk laka, amma shi muke sha tun muna goye, ba mu zaci inji zai fi mu tsantseni ba. Laka ta toshe bututun, inji ya ƙone a tsakiyar daji. A amalanke aka mai da Inna gida.

Kafin gyara ya ƙare, ruwa ya ci hanya, ya ci makabarta. Ranar da muka isa bakin ruwan, kan tsamiyar makabartar kaɗai ake hange. Inna ta ce a juya motar ta fuskanci wajen.

"Daga tsamiyar, hannun dama," in ji ta. Ta ɗaga hannu ta daɗe. Sannan ta ce wa abokina, wanda ya kasa ɗago kai, "Allah ya yi maka albarka, ai ka kawo ni."

Ba ta sake tayar da maganar ba har ta rasu.

Har yau in kwalekwale ya biyo da ni ta nan, nakan ce wa mai tuƙi ya sassauta. Tsamiyar ta daɗe da ruɓewa, ban ma tabbata wurin ne ba. Nakan dai yi sallama.