Ranar da Yaya Garba Ya Ce Tabbas

Duk wanda ya san yayana Garba ya san ba a samun eh ko a'a daga bakinsa. Ka ce masa ina kwana, sai ya gyara tabarau ya ce, "Lafiya lau, bisa ga shaidar da ta zo hannu zuwa yanzu." Innarmu har ta koma ga Allah ba ta daina cewa boko ne ya taɓa mata ɗa ba.

Digirin dakta yake yi, wai a wani irin lissafi da ake farawa da zato, duk sabuwar shaidar da ta zo a gyara zaton. Tambayarsa ɗaya ce: ɗan abin da gwamnati ke warewa lafiya a ƙasarmu, a gina sabon asibiti da shi ne ya fi ceton rai, ko a gyara hanyar da za ta kai marar lafiya asibitin da ake da shi? Wannan ta sa ya gama Bebeji da Kiru da Tudun Wada da ƙafa, yana tsare mata a bakin rijiya da tambaya.

Wata rana na raka shi Kwanar Dangora zai shiga motar Zariya. Ya tsaya yana tambayar direba sau nawa motar ta taɓa mutuwa a hanya.

"Malam, za ka shiga ko za ka aure ta ne?"

"Ina sabunta zatona ne."

Kafin ya gama sabuntawa mota ta cika ta tashi. Ya bi ta da kallo ya ce, "Kin gani, Binta? Ashe lafiyayya ce." Kai, na ji kamar in shaƙe shi!

Digirin ma haka. Da ya kusa kammalawa sai wani makiyayi ya ba shi labarin haihuwar matarsa, shi ke nan a rushe babin ƙarshe a soma sabo. Malaminsa ya yi ritaya, wanda ya gaje shi ya yi furfura, Yaya na nan yana sabuntawa.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne ranar da wani kantoma ya kira shi shawara, lokacin soja. Dama ce ta zo har gida. Kantoma ya ce, "Asibiti ko hanya?"

"Ranka ya daɗe, zato ya fi rinjaya wajen hanya, sai dai..."

"Ka tabbata?"

"Ai a iliminmu ba a tabbata."

"To ni na tabbata," in ji kantoma. Aka gina asibiti a garin surukansa, fenti fari fat, ba likita ba magani. Awaki suka ji daɗin inuwarsa ƙwarai.

Na ce, "Haba Yaya! Da ka ce eh, bakinka zai tsage ne?" Ya ce shi ba ya rantsuwa a kan abin da bai gama aunawa ba.

A wata damina ciwo ya kama shi a wata ruga bayan duwatsun Doguwa, can inda ya je neman ƙarin shaida. Rafi ya kawo, hanya ta yanke. Sai da ruwa ya janye Fulanin suka kawo shi gidana a amalanken shanu, ni da nake aure a Doguwa. Ina ganinsa na san an makara.

Ya kama hannuna ya ce, "Binta, hanya ce."

Na share hawaye na tsokane shi, "Bisa ga shaidar da ta zo hannu?"

Ya yi murmushi. "A'a. Tabbas."

Ban taɓa jin kalmar a bakinsa ba sai ranar, kuma kantoma ya daɗe da barin gari. Wallahi ina kewar gardamarsa. Allah Ya jiƙan Yaya Garba, Ya yafe masa, Ya sauƙaƙa masa hanyar da ya hau.