Birane Biyu a Jikin Zanen Gado

Shekara talatin da ɗaya Mai Hatimi ya yi yana tantance wasiƙu a gidan waya, gaban wani katako mai ramuka sittin, kowane rami da garinsa. Abin alfaharinsa ɗaya ne: da wuya wasiƙa ta bar hannunsa da tambarin "ba a san wurin ba".

Bayan ya yi ritaya, idon matarsa ya fara dusashewa. Tela ce, dole ta lulluɓe keken ɗinkinta. Kullum bayan karin kumallo shi yake karanta mata nassi a bakin taga. Ran nan ya ambaci Shushan, wani jiƙon Akmeta, biranen sarakunan Farisa, sai ta tsayar da shi.

"Baban yara, garuruwan nan suna nan kuwa, ko ƙasa ta cinye su?"

"Wa ya sani?"

"Au! Kai da babu adireshin da ya taɓa gagarar ka? Ni dai ina so in ga inda suke kafin idon nan ya rufe."

Washegari ya ɗora hula ya nufi laburare. Mako shida yana zarya. Taswirar zamani ba ta san tsofaffin sunayen ba, tsohuwar kuma ba ta san na yanzu ba. Daga ƙarshe ya kwafi tsohuwar a takarda shara-shara, ya ɗora kan sabuwar, ya daidaita koguna da duwatsu, tunda su ba sa ƙaura. Shushan ta faɗa kan Shush, Akmeta kan Hamadan.

Ya dawo gida da saurinsa. Ta kai takardar har hanci, ta jujjuya, ta ajiye.

"Fari fat nake gani."

Ya jawo gwangwanin maɓallanta da wani tsohon zanen gado. Kwana uku yana bin koguna da zare mai kauri a jikin zanen, yana ɗinka maɓalli a gurbin kowane birni, allura na shan jinin yatsunsa. Sannan ya kama hannunta ya ɗora.

"Wannan babban maɓallin fa?"

"Shushan. Hau sama, cikin duwatsu. Yauwa, Akmeta ke nan."

Ta daɗe tana shafawa, daga wannan zuwa wancan.

"Ɗinkin nan, da a shagona ka yi shi, da tuni na sallame ka," in ji ta, tana dariya tana share ido. "Amma na gan su. Allah ya saka maka da alheri, Baban yara."

Zanen yana nan ninke a kan keken. Duk baƙon da ya shigo, ita take buɗe shi ta nuna masa hanyar Shushan zuwa Akmeta.